Ajiyar Kwamfuta Kamar Ajiyar Iri

Manomin Bunkure da Kura, mai shayar da gonar rani da ruwan Tiga, ya san ba a haɗa iri da hatsin ci a rumbu ɗaya. To, haka al'amarin yake ga ɗan kasuwar shinkafa wanda ya zuba lissafin bashinsa cikin kwamfuta.

Wata kwamfutar tana ɗauke da tsari biyu, Windows da Linux, kamar kundin da rabinsa ajami, rabinsa boko. Wani ɗan sashe a faifanta shi ne mai tsaron ƙofa, mai tambayar wanne za a buɗe. In ya ɓaci duka biyun sun kulle, alhali rubutun yana nan.

Maganinsa a kwafe faifan ɗungurungum, har da wannan sashe. Manhajar Clonezilla, wadda aka yi a Taiwan, tana yin haka kyauta. Amma da sharaɗi uku. Na farko, kwafin ya zauna a wani faifai, a wani gida. Gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 ta isa ishara. Na biyu, faifan da za a mayar wa kwafin kada ya gaza na asali girma, kuma mayarwa tana shafe duk abin da ke kansa. Na uku, a gwada mayarwar tun ana lafiya, yadda alaramma ke bitar rubutunsa kafin ya sa a gafaka.

Wanda ya yi sakaci har faifai ya mutu, bashinsa ya koma rantsuwa gaban alƙali. Haza wasalam.