Django (manhaja)

Django, ana furta shi "Jango", tsari ne na gina manhajojin yanar gizo wanda aka rubuta da yaren kwamfuta na Python. Yana aiki ne a ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafi tana amsa buƙatun masu ziyara. Kyauta ne, kuma kowa na iya duba lambobinsa.

Tarihi

Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi a shekarar 2003 a jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka. An sake shi ga jama'a a watan Yulin 2005, da sunan makaɗin jita Django Reinhardt. Tun 2008 gidauniyar Django Software Foundation ke kula da shi.

Tsari

Umarnin startproject ne ke kafa sabon aiki. Yana samar da settings.py, inda ake rubuta saituna kamar rumbun bayanai, harshe da lokaci (na Najeriya shi ne Africa/Lagos), da kuma urls.py mai haɗa kowane adireshi da sashen da zai amsa shi. Ana raba aikin zuwa ƙananan manhajoji, kowace da nata models.py mai fasalta bayanai da views.py mai shirya amsa.

Misali, idan ɗaliba a Gwaram ta buɗe shafin wata makaranta a Birnin Kudu don duba sakamakonta, urls.py zai gane adireshin, views.py ya nemo makinta daga rumbun bayanai, sannan a zuba shi cikin samfurin HTML a aika wa wayarta.

Yadda yake tashi

Kafin saba ta amsa buƙata ko ɗaya, Django yakan karanta saituna, sannan ya bi jerin INSTALLED_APPS sau uku. Da farko yana shigo da kowace manhaja, sai ya shigo da models ɗinta, a ƙarshe ya kira ready() na kowacce. Wannan tsari ya zo ne da sigar 1.7 a 2014. Bin jerin wajibi ne: idan aka nemi wani model kafin a kammala mataki na farko, kuskuren AppRegistryNotReady zai fito, shafin kuma ba zai tashi ba.

Tsaro

Sabon aiki yana zuwa da saitin DEBUG a kunne, don mai gini ya ga cikakken bayanin kowane kuskure. Idan aka ɗora shafi a intanet ba a kashe shi ba, duk baƙon da ya ci karo da kuskure zai ga sassan lambobi da saitunan shafin. Haka kuma dole a ɓoye SECRET_KEY, domin da shi ake sa hannu a kan mahaɗin sauya kalmar sirri.