Almajirin Ƙofar Marusa a Kan Dutsen Annabi Musa

Wata magana ce ta taso a zaurenmu na Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, na ga ya kamata in shimfiɗa ta a gabanku, gama na tabbata ba gida ɗaya ta shafa ba.

Akwai wani attajiri maƙwabcina, mai cinikin hatsi, wanda ɗansa ya sauke Alƙur'ani a hannuna, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya taɓa Risala, sa'an nan Allah ya ba shi rabon tafiya Masar karatu a Azhar. Ran nan bayan La'asar sai ga uban ya shigo ransa a ɓace, ya miƙo mini waya. Hoton yaron ne a ƙwanƙolin wani dutse, ya lulluɓa da bargo har ka, ba gida ba itace a bayansa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, dubi abin da nake sayar da gerona dominsa. Na aika shi neman ilmi, ya koma hawan duwatsu kamar akuya. In wannan ne karatun, gara ya komo ya riƙe mini awo." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, a ji ta bakinsa." Na sa aka rubuta masa, ya amsa da doguwar takarda, daga cikinta na tsamo abin da ke tafe.

Ya ce shi da abokan kwanansa a Madinatul Bu'us, watau masaukin ɗaliban ƙasashen waje a Alƙahira, sun ɗaura wa kansu al'ada: duk ranar da babu darasi sai su zaɓi wuri ɗaya su tafi su gani. Sun yi salla a masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa a shekara ta 21 ta Hijira, shi ne kuwa masallaci na fari a ƙasar Masar. Sun hau hasumiyar masallacin Ibn Ɗulun, da aka gama a 879, mai matakala ta waje tana zagaya ta. Sun ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204 ta Hijira. Amma wurin da ya ce ƙafarsa ta kasa ɗaguwa shi ne kabarin Jalaluddini Suyuɗi, gama ya tuna azumin da ya riƙa ja mini baƙi ina fassara Jalalaini, littafin da Mahalli ya fara, Suyuɗi ya cika. Wannan malami kuwa, da ya rasu a 1505, ya taɓa rubuto takardar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasarmu, a cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Ashe yaron bai je ga baƙo ba, ya kai amsar gaisuwa ne bayan shekara 500 da 'yan kai.

Ku lura, ya ku malamai, sawun mutanenmu ya daɗe a wannan birni. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Malikawa a Fusɗaɗ, kuma cikin Azhar kanta Barnawa sun yi ruwaƙinsu, inda ɗalibansu ke kwana suna karatu. Sai kuma namu na gida, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina, wanda ya tafi hajji ya zarce Alƙahira, ya wallafa littafi a kan ilmin hatimi da lissafinsa a 1732, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti. Shi wannan ba jirgin sama ya kai shi ba. Da a ce mutanen gidansu sun tsare shi ga awo, da yau ba mu da sunan da za mu kira a gaban malaman Masar.

Dalolin Giza sun gan su, ya ce babbar cikinsu asalin tsayinta kamar ƙafa 480 ne, bai daɗa kome a kai ba. Abin da ya girgiza shi yana gidan tarihi na Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 a 2021. Ya tsaya a kan Ramsis na Biyu, wanda waɗansu ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, waɗansu na cewa ba shi ba ne. Ya ce ko shi ne ko ba shi ba, ganin mai mulkin Masar ya bushe kamar kilishi a cikin akwatin gilashi, yara na leƙensa, ya fassara masa ƙarshen ƙissar cikin Suratu Yunusa fiye da yadda ya taɓa jin ta a bakina. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

To, sai maganar dutse. A hutun tsakiyar shekara, cikin sanyin Janairu na 2023, suka haɗa kuɗi su goma sha ɗaya, Hausawa da mutanen Sanagal da na Indunusiya, suka ɗauki mota zuwa Sina'i. Suka bi ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin mashigin Suwais, suka wuce Uyunu Musa, suka yi ta ratsa hamada yini guda, ba yashi mai taushi irin na hanyar Agadas ba, jan dutse ne tsirara da kwazazzabai. Suka sauka a garin Santa Katarina, kusa da tsohon gidan ruhubanawan Nasara da aka gina a ƙarni na 6, wanda a cikin ganuwarsa akwai ƙaramin masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa. A bisansa Jabalu Musa yake, tsayinsa daga bakin teku kusan ƙafa 7,500. Daga gindi inda ake fara hawa zuwa ƙoli kuwa ya fi a ɗora hasumiyar Gobarau arba'in, wata bisa wata.

Ba a hawa sai da jagora daga Larabawan daji na wurin, ƙabilar Jabaliyya. Nasu saurayi ne, bai kai su shekaru ba, bai kuma san i'irabi ba. Aka tashi bayan tsakar dare domin a riski Asuba a bisa. Jagora ya yi musu sharaɗi biyu: kada kowa ya fita daga ayari, wanda kuwa ya ɓace ya zauna inda yake. Ku fatake, ba wannan ne abin da madugai ke gaya wa kakanninku ba, sa'ad da ayari ke fita Katsina zuwa Agadas da Gat da Gadamas har Ɗarabulus?

Yaronmu ya ce ƙuruciya ta ɗebe shi, ya so ya riga kowa isa. Ya yi gaba shi kaɗai, ya saki hanyar raƙuma ya bi wata da ya zaci yanke ce. Sanyi ya kashe masa wutar waya, 'yar gorar ruwansa ya riga ya shanye ta tun a ƙasa, ya laluba da ƙafa ya ji babu ƙasa a gabansa. Nan ya tuna sharaɗi na biyu, ya zauna, haƙora na kaɗawa, yana maimaita Suratu Ɗaha. Ya ce bai san tsawon zaman ba sai da ya ji tsakuwa na motsi. Saurayin nan ne, ya ƙirga mutanensa ya ga ɗaya babu, ya san inda masu gaggawa suka saba kaucewa. Bai yi masa faɗa ba, ya kama hannunsa kawai, ya kai shi wata bukkar masu shayi, aka ara masa bargon nan da ubansa ya gani a hoto.

Sauran hawan matakala ne na dutse, wajen 750. A ƙoli akwai ɗan masallaci da ɗan ɗakin ibadar Nasara, kusa da juna. Alfijir ya keto, ruwan da ya rage ga abokansa bai fi na sha ba, sai aka koma ga taimama. Nan fa karatu ya tashi. Yaronmu da mutanen Sanagal suka buga tafi a kan falalen dutse, gama a mazhabar Maliku dutse na cikin abin da ake taimama da shi. Mutanen Indunusiya, da yake Shafi'awa ne, suka ce sai ƙasa mai ƙura, suka duƙa suna tonon tsakanin duwatsu. Ba wanda ya ɓata wa wani, aka yi sahu ɗaya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, babin taimama na haddace shi ina ɗan shekara 12 a gefen randa cike da ruwa. Ranar nan na karanta shi."

Na san malamai za su ɗago mini hadisin masallatai uku, waɗanda ba a ɗaura sirdin tafiyar ibada sai zuwa gare su. Haƙiƙa haka ne, shi ya sa na tambayi yaron da wace niyya ya hau. Da ya ce neman lada na musamman a wurin, ko ɗebo ƙasa domin tabarruki, da ni zan fara tsawata masa, balle ma malaman tafsiri da na tarihi ba su haɗu a kan cewa wannan dutse shi ne Ɗuri Sinina ba. Amma tafiya domin dubawa da ɗaukar izina, Alƙur'ani ya yi umurni da ita a wurare da dama. Laifin da na kama shi da shi biyu ne: ya tafi bai nemi iznin mahaifinsa ba, ya kuma saɓa wa jagora. Na rubuta masa wannan da kakkausan lafazi.

Na karanta wa Alhaji takardar tun daga fari har ƙarshe. Da aka zo wurin ɓacewar sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ce uffan ba. Can ƙasa yaron ya ƙara wani ɗan layi, cewa a kasuwar Khanul Khalili ya ga zoɓo jibge a kwanduna, suna kiransa karkade, ana shansa da zafi da sanyi a gidajen shayi. Alhaji ya ɗago kai. Ya ce, "Malam, a gaya masa kuɗin wata na nan tafe, amma kada ya kuma taka dutse ban sani ba. Sa'an nan ya koma kasuwar nan ya tambayo mini nawa suke sayen buhu."