Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Neman Kwalin Ƙaura a Anka, Gummi da Bukkuyum

Mutum ba ya sanin yawan tarkacen da ya tara sai ranar da tashi ta kama shi. Malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki daga Anka zuwa Gummi, da ɗan hayar da mai gida ya ba wa'adi, da magidancin da ya gama ginin kansa, da iyayen da za su kai jeren 'yarsu Nasarawar Burkullu, duk tambaya ɗaya ke jiransu: a cikin me za a zuba kayan nan? Kuɗin mota an san da shi, an kuma yi masa tanadi. Mazubi ne ake mantawa da shi sai a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, sannan a shiga tura yara shago-shago neman kwali. A irin wannan gaggawa duk abin da aka miƙo karɓa ake yi, ba mai tambayar abin da kwalin ya taɓa ɗauka. A wannan yanki namu kuwa, wannan tambaya ta fi kwalin kansa muhimmanci.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba. Tufafi a adudu suke ko a akwatin ƙarfe, ƙore a raga, hatsi a taiki a bayan jaki, sauran a ƙulle a zane a ɗora a ka. Kwali baƙo ne da ya biyo kayan kanti. A 1871 ne wani Ba'amurke mai suna Albert Jones ya yi wa takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa rajista a birnin New York, don naɗe kwalabe da gilashin fitila. Daga baya aka manna mata shafaffiyar takarda ciki da waje, ta zama kwalin da muka sani. Yau babu motar kaya da za ta shigo Anka daga Gusau, ko ta shigo Gummi daga Sakkwato, ba tare da shi ba.

Ina ake samunsa?

Kwali yana inda ake sauke kaya da yawa a sayar da ɗai-ɗai. Na farko su ne masu shagon kayan masarufi da dilolin taliya, sabulu, biskit da madara. Kwalin ƙaramar Indomie guda 40 yake ɗauka, mai shayi mai ciniki kuwa ba ya daɗewa bai ƙarar da shi ba, don haka teburin mai shayi ma wurin tambaya ne. Masu shagon hoton takardu suna da kwali mafi kyau ga littattafai: mai murfi ne, an kuma yi shi don ya ɗauki bandir 5 na farar takarda, kowane bandir falle 500, saboda haka ya saba da nauyi. Masu sayar da tangaran da kofunan gilashi suna da kwalaye masu ɗaki-ɗaki a ciki, waɗanda ke hana kaya gugar juna. Kwalin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, da ake samu a manyan kantunan magani, yana da kauri kuma yawanci da tsabta. Manyan kwalaye kuwa sai wajen masu sayar da fanka, firji da talabijin, ko masu haɗa sababbin babura.

Sai dai a sani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kwalin da kake gani yashe a bayan shago yana da masu jiransa. 'Yan jari-bola suna tarawa su sayar, direbobi suna shimfiɗa shi a ƙasan mota, mai kayan miya yana baza tumatir a kai, wani kuma silin zai yi da shi a ɗakinsa don rage zafin kwano. Mai shago ya san haka. Idan ya ba ka kyauta, alheri ya yi maka, kuma alheri ya fi saurin zuwa ga wanda aka sani. Saboda haka fara da shagon da kake cefane, ka je da kanka, kada ka aiki yaro. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Alhaji, tashi za mu yi ƙarshen wata. In an zazzage kaya a aje mani kwalaye, don Allah, kada yara su farke su." Amsar da aka fi ji ita ce, "Ba komai, Malam, ka leƙo ran da mota ta zo." Wannan ranar ita ce taka. Ka tambaye shi yaushe yake sauke kaya, ka zo da yammacin ranar ko washegari da safe. Haka ma ranar kasuwa, da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan tireda ke tattara komatsai ba sa son komawa da fanko. Yaron shagon da ya ware maka masu kyau ya cancanci ɗan na goro. Wanda ya fara nema mako biyu ko uku kafin tashi zai tara ya zaɓa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Wanda ba a karɓa ko da kyauta

Mutanen Anka da Bukkuyum sun fi kowa sanin cewa mazubin da ido ke gani fanko ba lalle ne ya zama fanko ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka, bayan amai da jijjiga. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya a buhuna cikin gida, a daka shi, a niƙa, wani lokaci ma da injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ƙasa da tufafi da kwanuka. Yara fiye da 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta, Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai ga share ta ba sai 2013.

Ƙurar dalma ba ta wari, ba ta kuma da launin da zai bambanta ta da ƙurar hanya. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen ma'adinai, ko kwalin da ya kwana a wurin niƙa ko a ɗakin da ake ajiye kayan haƙa, yana riƙe ta a saƙarsa da cikin ramukansa. Kakkaɓewa tayar da ita kawai take yi, kwali kuma ba ya wankuwa. In aka zuba kwanukan abinci ko kayan jariri a ciki, an ɗauki gubar da hannu an kai ta sabon gida, inda mai rarrafe zai kai ta baki. Duk mazubin da ya fito daga irin waɗannan wurare a bar shi, komai kyansa. Haka kwalin da aka ajiye tsofaffin baturan mota ko na sola a ciki, domin su ma dalma ce da ruwa mai cin fata.

Na biyu shi ne kwalin maganin feshi. Da faɗuwar damina shagunan kayan noma suna cika da shi, yana da kauri, yana jan ido. Amma maganin kashe ciyawa da na ƙwari sukan tsiyaye a hanya, takarda ta shanye, ta bushe kamar ba a yi ba. Kwalin Sniper da na maganin ɓera duk hukuncinsu ɗaya. Buhun taki ma kada a juye masa gari ko shinkafa. Sai ɗan kwalin da ake jefa tsofaffin allurai a asibiti: wannan na ƙonawa ne, ko yara kada a bari su taɓa.

Akwai kuma waɗanda ba guba ba ce matsalarsu, ƙazanta ce. Kwalin daskararren kifi yana ƙarni, ya kuma riga ya sha ruwa. Na 'yan tsaki yana ɗauke da kashi. Na manja da man gyaɗa yana kiran tururuwa da ɓera. Na kan bola kuwa ba wanda ya san tarihinsa. Ko wanda ya fito daga shago mai tsabta, a kai shi rana a buɗe, a bubbuga gindinsa da sanda, a duba ƙarƙashin leɓɓansa. Ƙwan kyankyaso ɗan kunshi ne mai ruwan ƙasa, kamar ƙwayar wake, a lungu yake maƙalewa. Kuɗin cizo yana barin ɗige-ɗige baƙaƙe. Kunama ma tana son inuwar kwalin da ya daɗe a jingine. A yini da su a rana kafin a shigar da su ɗaki.

Ƙarfin kwali da iyakarsa

Yaga gefen kwali ka duba. Za ka ga takarda biyu a shafe, a tsakaninsu wata mai lanƙwasa sama da ƙasa. Ƙarfinsa duka a nan yake. Idan ramukan suna tsaye, kwalin yana ɗaukar nauyin da aka ɗora masa, musamman a kusurwoyinsa huɗu. In aka kwantar da shi ta gefe sai ya lotse. Shi ya sa ake jera kwali kan kwali kusurwa bisa kusurwa, manya masu nauyi a ƙasa. Wanda ka ga lanƙwasa hawa biyu a jikinsa ya fi ƙarfi, a ware shi don tangaran da kayan lantarki.

Babban abokin gabansa ruwa ne. Ko bai jiƙe ba, laimar damina kaɗai tana sa shi laushi. Mai tashi a watan Yuli ko Agusta ya shimfiɗa leda a cikin kowane kwali, ya kuma tabbata direba yana da tamfol. Kada a ajiye kwali a kan daɓen ƙasa ko a jingine da katangar laka ko da na 'yan kwanaki ne, gara ba ta ɓata lokaci.

Wajen zuba kaya, abu mai nauyi a ƙaramin kwali, mara nauyi a babba. Wanda ya cika kwalin firji da littattafai zai ga gindinsa ya zube kafin a kai zaure. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba tare da nishi ba. A liƙe gindi da faffaɗan salatif, a gicciya wani a kai, sannan a ɗaure da igiyar roba. Faranti a tsaye ake jera su, kowanne a naɗe da ɗankwali ko tsohon zane, a cusa tsummoki a duk inda ya rage rami. Girgiza kwalin kaɗan: in ka ji ƙara, ramukan hanya za su ƙarasa aikin kafin a kai Daki Takwas. Alƙur'ani da littattafan addini a ba su kwalinsu daban mai tsabta, a sa a sama, inda ba mai zama a kai ko ya taka.

Ba komai ne kuma ke buƙatar kwali ba. Tufafi da zannuwan gado sun fi dacewa da jakar Gana-mas-go, hatsi da buhun da aka san abinci ya ɗauka. Tukwane da samiru a sa ƙarama cikin babba. Kwalla da fanteka su kansu mazubai ne. Wanda ya lissafa haka zai ga kwalayen da yake bukata ba su kai yadda ya zata ba.

A rubuta a gefen kowane kwali abin da ke ciki da ɗakin da za shi, da boko ko da ajami, yadda masu gidan suka fi ganewa. Hakan na rage wahala a shingen bincike, in jami'i ya ce a buɗe. Amma kaya masu tsada kada a tallata su. Kwalin da ke ɗauke da hoton talabijin yana kiran ido ko da tsummoki ne a ciki. A ɓalle shi ta inda aka manne, a juya cikinsa waje, a sake liƙewa. Halin da hanyoyinmu suke ciki ya sa tafiya da rana tsaka, da kaya marasa jan hankali, ita ce dabara.

Abin da ba ya shiga kwali

Duk wannan bayani na mai tashi da shiri ne. A yankin nan akwai dubban da ba su samu wannan dama ba. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun fitar da mutane da abin da ke jikinsu kawai, ambaliyar watan Agustan 2024 kuma ta rusa gidaje da dama a garin Gummi. Darasin da ke ciki ya shafi kowa: takardar gida ko ta gona, shaidar karatu, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe da katin rigakafin yara, wurinsu ba kwali ba ne. A sa su a leda mai kauri, a ƙulle, a zura a jaka guda da kowane babba a gidan ya san inda take rataye. Ranar tashi ma a jiki ake riƙe ta, tare da kuɗi da maganin da wani ke sha kullum, ba a bayan mota ba.

Idan an sauka lafiya an kwashe kaya, kada a tara kwalaye a bayan ɗaki su zama gidan ɓera. A yanke salatif, a shimfiɗe masu kyau, a ɗaure su wuri guda a ɗora a kan wani abu mai tsayi. Sai a sanar da maƙwabta cewa akwai, domin a kowace unguwa ba a rasa mai shirin tashi ko mai kai amarya, kuma cikin 'yan gudun hijirar da ke zaune a makarantu da kangaye akwai mai neman abin da zai raba tabarmarsa da sanyin ƙasa. In za ka miƙa wa wani, ka faɗa masa daga wane shago kwalin ya fito da abin da ka zuba a ciki, tun kafin ya tambaya.