Facin Manhajar Kwamfuta: Sakaci Asara, Gaggawa Ma Asara

A ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli, 2024, ma'aikatan bankuna da asibitoci da filayen jiragen sama a ƙasashe da dama sun wayi gari kwamfutocinsu sun ƙi tashi, sai shuɗin allo kawai. Musabbabin hakan shi ne wani gyara mai ɗauke da kuskure da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wa abokan cinikinsa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, yayin da kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya kuma ce ya yi asarar dala miliyan 500.

Shi wannan gyara, wanda ake kira faci, ɗan guntun manhaja ne da ake liƙawa domin toshe wata ɓaraka. Microsoft kan fitar da nasa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, ta hanyar Windows Update.

To, amma wanda ya ƙi faci ma bai tsira ba. Idan za a iya tunawa, a watan Mayun 2017 muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Birtaniya, alhali tun watan Maris na shekarar aka fitar da facin da zai hana ta shiga. Saboda haka ɗan kasuwa yana tsakanin kuɗin ranar da ciniki ya tsaya da kuɗin bayanan da suka salwanta, dole ne kuwa ya auna su duka biyun.

Kafin a ɗora faci, wajibi ne a kwafe lissafin kamfani a ajiye a wani wuri daban. Sannan a gwada shi a kan kwamfuta guda wadda ba ita ke riƙe da ciniki ba, a ba ta kwana biyu ko uku. A nan Nijeriya kuma a tanadi janareta ko batir, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗorawa na iya hana kwamfuta tashi.

Idan facin ya ƙi hawa, a fara duba ko ma'ajiyar na'urar ta cika, ko intanet ya katse, a kuma rubuta lambar kuskuren da ta bayyana domin nuna wa injiniya. Idan kuwa ya hau ya kawo matsala, kowane faci na Windows yana da lamba mai farawa da KB, ana kuma cire yawancinsu daga tarihin sabuntawa, ko da umarnin wusa. A rikicin CrowdStrike, sai da injiniyoyi suka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, suka tashe su a Safe Mode, suka goge fayil guda. Waɗanda ba su adana mabuɗin BitLocker ba su suka fi jinkirin komawa aiki.

Tun ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bayar da faci ga Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Kamfanin da har yanzu yake kanta ya kamata ya sanya kuɗin sauya ta a cikin kasafinsa na bana.