Tukunyar gidanmu da lafiyar zuciyar iyayenmu

Da wuya a sami ajin da babu ɗalibin da mahaifinsa ko kakarsa ke fama da hawan jini. Cutar ba ta sallama. A hankali take gajiyar da zuciya, har ta kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Rubuta magani aikin likita ne, amma tukunya a hannunmu take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen Maggi da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta sha wahalar harba shi. In Mama ta rage, daddawa da tafarnuwa da citta za su tayar da miya.

Sai motsa jiki: babba minti 150 a mako, mu kuwa awa ɗaya kullum. Mu raka Baba tattaki bayan la'asar, in likita ya amince. Da ya ji ƙirji na ciwo ko numfashi na sarƙewa, a nufi asibiti nan take. Maganinsa kuma mu riƙa tuna masa, ko da ya ce ya ji sauƙi.