Tom Mix: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

A cikin kaboyin zamanin fim marar magana, babu wanda aka yi wa ƙarin gishiri kamar Tom Mix, jarumin The Great K & A Train Robbery da kamfanin Fox ya fitar a 1926. An ce a Texas aka haife shi, an ce ya yi yaƙi a Kuba cikin mahayan Theodore Roosevelt, har wasu suka kai shi fagen fama a Sin da Afirka ta Kudu. Duk shaci-faɗin masu talla ne. A jihar Pennsylvania aka haife shi a 1880. Soja kam ya shiga a 1898, amma bai taɓa ƙetare Amurka da kaki ba, kuma a 1902 ya tafi hutu ya ƙi komawa bariki, aka rubuta shi cikin waɗanda suka tsere. Abin da ya haɗa shi da Roosevelt bai wuce hawan da ya shiga ranar rantsar da Roosevelt a matsayin shugaban ƙasa a 1905 ba.

Wani zai ce tunda an kama shi da wannan, to hawan dokin ma dabarar kyamara ce. Nan ne kuskure. Ƙaryar duk ta taru ne a inda kyamara ba ta iya ba da shaida. Abin da ido ke gani kuwa, mutumin Tambuwal ko Kebbe da ya saba ganin hawan sallah ba ya bukatar tafinta: ya dubi yadda ƙafa ke zaune a likkafa, da yadda hannu ke sassauta linzami a tsakiyar sukuwa. Mix ya yi aiki a gandun dabbobi na 101 Ranch a Oklahoma kafin ya shiga fim, kuma yawancin wasannin haɗari da kansa ya yi su, sau da yawa bisa dokinsa Tony, ya sha karaya a kai. Masu cewa ƙaryar talla ba ta cutar da kowa ba ma ba su duba da kyau ba, domin ta lulluɓe gudun soja da rigar jarumta, alhali wasu sun mutu a Kuba da gaske.

Mahayi ne na ƙwarai, amma ba barden yaƙi ba. Ajalinsa ma ba a kan doki ya same shi ba: mota ce ta kife da shi a Arizona ranar 12 ga Oktoba, 1940.