Tasirin Yanayin Shekara a Kan Jar Giyar Inabi

Gabatarwa

A wani darasinmu na fassara mun ci karo da kalmar Faransanci, millésime, muka rasa takwararta a Hausa. Tana nufin shekarar da aka tsinki inabin da aka yi giya da shi, wadda ake bugawa a jikin kwalba. Ni ɗan Eggon ne, a kasuwar Lafiya na koyi Hausa, kuma a can nake jin manoma suna cewa "doyar bana" ko "riɗin bara". Sai na ga ashe ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ba tallar giya zan yi ba, domin da yawa daga cikinmu addini ya hana mu ita. Maganar noma ce da yanayi.

Yadda Ake Yin Ta

A yankin Burgundi na ƙasar Faransa, akasarin gonakin inabi ƙanana ne. Shahararriyar gonar nan Romanée-Conti ba ta kai hekta 2 ba. Irin inabin da suke nomawa don jar giya shi ne Pinot Noir, mai siririyar ɓawo. Idan an tsinko shi, sai a murje a bar ruwan tare da ɓawon. Yisti ne ke juya sukarin ya koma barasa, ɓawon kuma shi ke ba da launin ja da ɗan bauri. Daga nan sai a zuba a gangunan katako masu cin lita 228, a ajiye fiye da shekara guda. Babban kamfani yana iya haɗa inabin gonaki da yawa ya rufe aibin wata da kyan wata. Mai ƙaramar gona kuwa abin da shekara ta ba shi, shi zai sa a kwalba.

Aikin Yanayi

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A watan Afrilu kurangar inabi ke tofo, idan jaura ta sauka sai ta ƙone tofon, kamar yadda ya faru a 2021, inda manoman Burgundi suka yi babbar asara. A watan Yuni take fure, daga fure zuwa tsinka kuma kwana 100 ne ko kusa da haka. A wannan tsakani rana ke tara sukari a cikin 'ya'yan, sanyin dare kuma ya riƙe tsaminsu. Ana son zaƙi da tsami su daidaita. Idan zafi ya yi yawa, kamar a 2003 da aka fara tsinka tun a watan Agusta maimakon Satumba, sukari kan hau, tsami ya faɗi. Idan kuwa ruwa ya sauka gab da tsinka, 'ya'yan kan kumbura su yi salam, wasu su yi funfuna.

Wani abin lura shi ne, yawa daban, inganci daban. A 1945 kwalba 600 kacal gonar Romanée-Conti ta fitar, amma a 2018 an sayar da guda ɗaya daga ciki dala 558,000 a birnin New York.

A Nan Gida

Ana noman inabi a Hunƙuyi da ke ƙaramar hukumar Kudan a Jihar Kaduna, sai dai na ci ne. Amma darasin ya shafi kowane manomi. Wata shekara mahaifina ya yanke riɗinsa ya jingine don ya bushe, sai ruwan ƙarshen damina ya sauka a kai. Ƙwayar ta yi baƙi, 'yan kasuwa suka karya farashi, har kuɗin makarantata ya zo a makare. Gona ɗaya ce, iri ɗaya, hannu ɗaya, shekara ce kawai ta bambanta.

Kammalawa

Shawarata ita ce mu fassara millésime da "amfanin shekara kaza", tunda haka bakin manomi ya saba faɗa. Idan wani ɗalibi yana da wadda ta fi wannan, ina maraba da gyara, domin har yanzu ni mai koyo ne.